Aljihun majinyaci ma abin dubawa ne

Cikin cututtukan da nake jinyar masu su a Kano, babu wadda ta koya mini iya tambaya kamar gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratib kolaitis. Daga dubura yake farawa ya yi sama, fatar cikin hanji ta kumbura ta saɓule, mutum ya yi ta zawo da jini da majina. Yana lafawa ya sake tashi. Ƙwaya ba ta raba mutum da shi, kwantar da shi kawai take yi.

Kafin mai shi ya iso asibiti, an riga an ce masa basir ne ko atuni. Ya sha jiƙo, ya sha Flagyl a kemis, sai da jini ya yi ƙasa aka kawo shi. Ga kunya kuma. Ka tambayi dattijo yaya bayan gida, zai ce da sauƙi, alhali alwala ma ba ta riƙuwa gare shi. Shi ya sa nake sallamar masu dubiya, in ja labule, in ce, "Baba, daga asuba zuwa yanzu sau nawa ka zaga? Da dare fa, yana tashinka?" Sai in ba ɗansa takarda ya riƙa ja mini layi duk fita.

Wannan lissafin ba ya cin ko sisi, kuma da shi ake gane haɗari. Tun 1955 likitoci biyu, Truelove da Witts, suka kafa ma'auni: zawo mai jini sau 6 ko fiye a rana, haɗe da ko da ɗaya daga bugun zuciya sama da 90, zafin jiki sama da 37.8, ko ƙarancin jini, to ciwo ya yi tsanani. In ciki ya kumbura ya yi tauri, ba na jiran zagayen safe, nan take nake kiran likita.

Amma tambayar da ba a koya mana a makaranta ba ita ce: wa zai sayi maganin bayan sallama? Mara inshora shi ke biyan gwajin bahaya, da leƙa hanji da na'ura, da ƙarin jini. Cikin magungunan da ke kwantar da ciwon, mesalazin yana da tsada. Salfasalazin ya fi sauƙi, ana haɗa shi da folik asid. In na san ɗan dako ne a Kantin Kwari ko mai tura ruwa, nakan gaya wa likita kafin ya rubuta, don takardar da ba za a iya saye ba a aljihu take tsufa. Ni a ganina nas da ta auna jini da zafi ta bar wannan, aikinta bai cika ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali firednisolon ne, maganin kwantar da kumburi. Yana da arha, yana kawo sauƙi da wuri, sai mutum ya koma kemis ya yi ta saye wata da watanni. Suga ya hau, hawan jini ya shigo, ƙashi ya yi rauni, kuma yanke shi rana ɗaya haɗari ne. In amiba ce, ƙwayar cuta mai kawo atuni, a hanjin ba a gwada ba, yana iya rura ta. Haka magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen suna iya tayar da ciwon, maganin tsayar da zawo kuma yana iya sa hanji ya buɗe ya kumbura lokacin tsanani. Ina maimaita wannan a gaban mai jinya, don shi ake aika kemis.

Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, ga kuma KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta nan jihar Kano. Da yawa ba su taɓa ji ba. Kafin sallama nakan tura ɗan'uwa ya nemi rajista, in haɗa su da ofishin walwala na asibiti, in kuma gaya wa dangi ƙarara cewa wannan karo-karon kowane wata ne, su raba shi tun yanzu.