Ada Foah: ba gishiri kaɗai ke can ba

Mu 'yan zango a Akra, in aka ce Ada, gishiri ne ke faɗo mana a rai, sai kuma kankanar da ake jerawa a bakin titin Aflao. Bakin teku kuwa Labadi muka sani, inda ranar sallah ba ka samun wurin sa ƙafa: ga kiɗa, ga dawaki, ga masu talla. Shi ya sa da hunturu ya shigo na ɗauki ɗan yayata, wanda ya ishe ni da maganar kunkurun teku tun da aka koya musu a makaranta, muka nufi Ada Foah.

Tafiyar ba ta da wuya. Kilomita ɗari ne da 'yan kai gabas da Akra. Trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, zai sauke ka a mararrabar Kasseh, ka yi dama, ka ratsa Big Ada, sai ga ka a garin. Daga nan kwalekwale mai inji ya ɗauke mu zuwa wani siririn tudun yashi, inda kogin Volta ke ƙarewa. Hannun hagu ruwan daɗi a kwance, yara na wanka, mata na wanki. Taku kaɗan ta cikin bishiyoyin kwakwa, sai teku, tana dukan gaɓa ba hutu. Ba lasifika, ba mai bin ka da kaya. Mun yi sallar la'asar a kan yashi ba wanda ya ko waiwaye mu. Amma kada shirun wurin ya rude ka ka ce za ka yi iyo a tekun. Igiyar nan janyewa take yi da ƙarfi, masuntan garin ma ba sa wasa da ita. In ruwa kake so, ga kogi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da rana shi ne yadda teku ke cin garin. A 1783 'yan Denmak suka gina gidan kasuwancinsu mai ganuwa a nan, Kongenstein. Yau kusan duk ya tafi cikin ruwa. Gwamnati ta jibge manyan duwatsu, layi-layi, suna kutsawa cikin teku don su tare yashi, kuma sun taimaka. Ɗaya daga cikin dalilan zaizayar shi ne madatsar Akosombo da aka kammala a 1965. A da kogi kan ɗauko yashi da laka daga arewa ya zube a bakin teku, abin da igiya ta kwashe ya mayar. Da aka datse shi, kayan suka koma kwanciya a bayan madatsa.

Wannan ya taɓa ni ta wani wajen. Gishirin tafkin Songor, wanda ke yamma da garin, a da shi ake lodawa a jirage a haura Volta da shi har Kete Krachi, daga can ya shiga kasuwannin arewa, inda fataken Hausawa masu neman goro suke. Bayan yaƙin Salaga na 1892 Hausawa da yawa sun koma Kete, kuma kakannina na cikinsu. Tsohon garin Kete yanzu yana ƙarƙashin tafkin Volta. Madatsa ɗaya ce ta nutsar da wancan, take kuma rage wa wannan yashi. Ba na zaginta, da wutarta nake rubutun nan, amma dai ga shi.

Songor ɗin kansa yanzu wuri ne mai kariya. Tun 1992 yake cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2011 kuma UNESCO ta sa shi cikin yankunan da take kula da halittunsu. Tsuntsaye daga Turai kan sauka nan su huta idan sanyi ya kore su. Lokacin rani ruwa ya ƙafe, gishiri ya yi fari fat, mata na kwasa a kwano. Mun leƙa, rana ta kore mu.

Dare shi ne dalilin zuwan. Ma'aikatan kula da namun daji suna da ofis a garin, su ke fita sintiri a gaɓa lokacin da kunkuru ke hawowa yin ƙwai, wato daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu ko Maris. Kafin mu tashi jagoran ya kafa mana doka: ba fitila, ba hasken waya, ba surutu, ba wanda zai tsaya a gaban dabbar. Shi kaɗai ke da tocila, ita ma mai jan haske ce. Farin haske yana sa uwar ta fasa ta koma ruwa, 'ya'yan kuma in sun ƙyanƙyashe wajen da ya fi haske suke bi, sai su ba teku baya su nufi fitilar otal.

Mun yi tafiya a yashi har cinyoyina suka fara ciwo. Yaron ya ja rigata, ya ce, “Kawu, anya ba su fasa zuwa ba?” Na ce ya yi haƙuri, ba alƙawari suka yi da mu ba. Can jagoran ya tsaya, ya nuna mana wata alamar jan ciki a yashi, daga bakin ruwa ta miƙe sama. Muka bi ta a hankali.

Kunkurun da muka tarar ba babbar nan ba ce mai baya kamar fata, wadda kan kai tsawon mita 2 da nauyin ɗaruruwan kilo. Ƙaramar ce mai launin zaitun, irin wadda ba ta cika wuce kilo 45 ba. Ta riga ta fara haƙa. Da ƙafafun baya take yi, ɗaya bayan ɗaya: ta zura wannan, ta lanƙwasa ta, ta ɗebo yashi ta ajiye gefe, sannan ɗayar, ba ta ko kallon abin da take yi. Sai da ta fara zuba ƙwai aka bar mu muka matso ta baya. Farare ne, zagayayyu, ɓawonsu da taushi, suna faɗowa biyu-biyu, uku-uku, ba wanda ya fashe. Sukan kai ɗari. Tana nishi mai nauyi, idanunta na zubar da ruwa. Yaron ya raɗa mini, “Kawu, kuka take yi.” Jagoran ya ce a'a, gishirin da ya yi mata yawa a jiki take fitarwa. Da ta gama ta tura yashi ta rufe ramin, ta shiga buga shi da ƙirjinta, dama da hagu, dim, dim, kamar mai daɓen ɗaki. Har a tafin ƙafa muke ji. Ta watsa yashi ta ɓatar da wurin, ta ja jiki ta koma.

Ba za ta sake ganin ƙwan ba. Wata biyu za su yi, zafin yashi ne zai sa su ƙyanƙyashe, shi ne ma ke raba jinsi: in ya yi yawa mata sun fi fitowa. Kafin nan akwai karnuka da aladun gari masu tonewa, akwai kuma mutane, duk da dokar Ghana ta 1971 ta hana kama kunkurun teku ko ɗibar ƙwansa.

Da safe na taya masunta jan taru, ko in ce na riƙe igiya suna ja. Da tarun ya fito, ledar ruwan sha ta kusa yin kankankan da kifin. Ledar nan ce babban kunkurun ke haɗiyewa, yana zaton abincinsa ne. Wani dattijo cikinsu, mai jin Hausa raɗau, ya ce mini, “Alhaji, ku kun zo kallo. Mu in ya faɗa taru yaga shi yake yi, doka ta ce mu sake shi, ɗinkin kuma namu ne.” Ban ga laifin maganarsa ba. Wanda ya biya kuɗin mota daga Akra don ya ga kunkuru, ya kamata wani abu daga aljihunsa ya kai ga mai tarun.

In za ka je, ka biya ta ofishin namun dajin tun da rana ka shaida musu. Ka sa tufafi masu duhu, ka riƙe rigar sanyi da maganin sauro, ka kuma ci banku, wato tuwon masara mai tsami, da gasasshiyar karfasa kafin magariba, don gari na yin tsit da wuri. Akwai daren da za a yi ta yawo har asuba ba a ga ko sawu ba.