Asabar a Tahoe, da zancen wai kar a gudu

Tun a wurin ajiye motoci aka fara gardama kan kilishin da Hajiya ta aiko. Maigida ya ce a bar shi a mota, na ce ko kusa. Beyar ɗin Tahoe, wato manyan namun dajin nan (bear) da ke kewayen wannan tafki na Amurka, sun iya buɗe ƙofar mota, in a kulle take su fasa gilashi, hancinsu kuma ya fi na kare nesa ba kusa ba. A tsaye muka cinye shi, Auta na hawayen yaji yana neman ƙari.

Bakin rafin Taylor Creek a cike maƙil da mutane. Oktoba ce, kifin kokanee sun yi jawur suna hawowa rafi daga tafkin don zuba ƙwai, kowa da wayarsa. Ba mu yi nisa ba muka gan ta a tsallaken ruwa, baƙar beyar, amma kalarta ta ƙasa-ƙasa ce kamar yawancin na nan. Ko kallonmu ba ta yi ba, kifinta take ci. Lokacin ƙoshinsu ne kafin barcin hunturu, a yini guda sukan ci abin da ya kai kalori 20,000.

Wata ma'aikaciyar gandun daji tana ta mayar da masu hoto baya. Ta ce in kun yi kiciɓis da beyar, kar ku gudu. Ku haɗu wuri ɗaya, ku ɗauki yaro, ku ɗaga hannuwa, ku yi magana da ƙarfi, ku ja baya a hankali ba tare da kun juya mata ƙeya ba. In kuma ta afka muku, ku dake ta da duk abin da ya zo hannu. Kwanciya kamar gawa dabarar tsira ce daga grizzly, wani nau'in beyar mafi girma, su kuwa tun shekarun 1920 suka ƙare a Kalifoniya, sai hotonsu a tutar jiha.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya sunkuyo ya ce, "Ke, in kin ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

Na ce, "Haba Yaya, abar nan tana yin kilomita 50 a awa, tana hawa bishiya. Gudun naka ina zai kai ka?"

"Ai ba ita zan tsere wa ba, mijinki zan tsere wa. Dubi tumbinsa."

Muka yi ta dariya har wata tsohuwa ta harare mu. Amma tun a hanyar komawa birnin Reno maganarsa ta tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. Dokar a kai take, ƙafa kuwa ba ta shawara da kai. Ni ma ban san abin da tawa za ta yi ba. Auta fa? Yaron da zakara ya kora har ɗaki a gidan Inna bara. Shi zan ce wa tsaya cak ka ɗaga hannu?

Na san da wuya su taɓa mutum. Karon farko da aka tabbatar baƙar beyar ta kashe wani a Kalifoniya a 2023 ne, wata dattijuwa a garin Downieville, kuma a cikin gidanta. Wannan "cikin gidanta" ne ya hana ni sakat.

Azahar a kan yashi, ruwan alwala kamar ƙanƙara. Cunkoso a hanya. Tuwon jiya muka ɗumama.

Yanzu Maigida yana falo yana duba farashin gwangwanin ɓoye abinci daga beyar, wanda aka wajabta wa masu kwana a dajin Desolation Wilderness da ke kusa da Tahoe tun 2022. Wai mu je mu kwana kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, har da Auta. Na ce masa sai da safe za mu yi maganar, ya ce ai ya riga ya faɗa wa Yaya.