Na bi sawun Yusef Lateef a Detroit

Jirgin ƙasa ne ya kawo ni Detroit daga Chicago, cikin wani irin sanyi da ko hunturun Jos bai kama ƙafarsa ba. Abin da ya kawo ni kuwa mai busa ne, Yusef Lateef, gwanin saksofon a kiɗan jazz.

A Chattanooga ta jihar Tennessee aka haife shi a 1920, amma a nan Detroit ya tashi, nan ya koyi busa. Na nemi titin Hastings, inda gidajen kiɗan baƙaƙen fata suke a zamaninsa. Babu shi. An rushe unguwar an shimfiɗa babbar hanyar mota a kanta. Na ɗan tsaya kan gada, motoci sai wucewa suke, sanyi ya kore ni.

Daga nan na wuce Jami'ar Wayne State, inda ya yi karatun kiɗa bayan ya dawo daga yawon da ya yi a 1949 da ƙungiyar Dizzy Gillespie, shahararren mai busa a jazz. A tsakanin nan ne ya musulunta ya sauya suna. Tun a lokacin kunnensa ya karkata ga kiɗan Larabawa da na Asiya, ya riƙa shigo da kayan busarsu cikin jazz alhali abokan sana'arsa ba su fara tunanin haka ba. Ban yi mamaki ba da na je Dearborn cin abincin rana: gari ne maƙwabcin Detroit mai Larabawa da yawa, shagunan naman halal ko'ina, ga masallatai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 mutumin nan yana Jami'ar Ahmadu Bello, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, yana bincike kan sarewar Fulani. Dattijo ne mai shekara 60 da ɗoriya, ga digirin dakta, ya yi wasa da manyan makaɗan jazz irin su Charles Mingus da Cannonball Adderley, amma ya zauna koyon busar makiyaya. Mu da muka yi karatu a Samaru, mutum nawa ne cikinmu ya taɓa jin sunansa?

Bayan ya koma Amurka ya ci kyautar Grammy, ya koyar a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93. Allah ya jiƙansa. Amherst ɗin kam sai wani zuwan, kuɗin guzuri sun ƙare.