Tarihin Rayuwata a Rumfar Gyaran Keke, Kashi na 9: Wayar Birki da Wayar Giya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan irin kekunan da ake turowa rumfa a nan Agege. Yau labari zai ɗan dakata, mu shiga cikin aikin kansa, domin bayan faci babu abin da ke cin lokacin mai gyaran keke a Legas kamar canjin waya.

Tsohon Raleigh ko Phoenix mai birkin sanda ba ya cikin wannan magana, shi ba shi da wayar birki. Muna batun kekunan tokumbo ne da sauran masu birkin waya, irin waɗanda masu gadi ke hawa a Ikoyi da Lekki, da na masu tallan yogot da ke ratsa Mile 12 da Ketu.

Tsatsa ke kashe waya a garin nan. Ruwan sama yana zuba tun daga wajen Afrilu har Oktoba, ga iska mai gishiri ga duk wanda ke kusa da teku. Ruwa yana shiga ta bakin rigar waya, wato baƙin bututun nan da wayar ke tafiya a cikinsa, ya je ya kwanta a inda rigar ta lanƙwasa. Alamar ba ta ɓuya. Ka matsa hannun birki ka ji tauri, ka saki ya ƙi komawa, ko ka ga silin waya ya fara warwarewa kusa da noti. Mai keke zai ce, "Malam, waya kawai za ka canja mini." Amsar ita ce, "Alhaji, rigar ma ta mutu." Ba son kuɗi ne ke sa a faɗi haka ba. Sabuwar waya a cikin riga mai tsatsa, kafin damina ta fita an dawo gidan jiya.

A nan ne yawancin yara masu koyo ke yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Wayar birki daban, wayar giya daban. Ta birki kaurinta milimita 1.5 zuwa 1.6, ta giya kuwa 1.1 zuwa 1.2. Rigunansu ma ba ɗaya ba ne. Ta birki faɗinta milimita 5, kuma idan ka yanka za ka ga ƙarfen ciki a nannaɗe kamar sifirin. Ta giya galibi milimita 4 ce, silin ƙarfenta a miƙe suke bin tsawonta, don kada ta matse lokacin da ake canja giya. Kada a kuskura a sa rigar giya a birki. Babu abin da ya riƙe waɗannan silin sai roba, ranar da mutum ya danne birki da ƙarfi a gaban motar danfo sai rigar ta tsage, hannun birki ya tafi har ƙarshe babu komai. Rigar birki a giya ba ta kisa, amma giya mai ƙas-ƙas, wadda kowane ɗauki ke da wurin tsayawarsa, ba za ta taɓa zama daidai da ita ba. Tsohuwar giya mai santsi, wadda ake tura hannunta har a ji sarƙa ta hau, ita ba ruwanta.

Sai kan waya. Na birki iri biyu ne: mai kama da ƙaramar ganga a kwance, na keke mai miƙaƙƙen kai, da mai kama da ɗan tulu, na keken tsere mai lanƙwasasshen kai. Wata wayar tana zuwa da kai biyu, ka yanke wanda ba ka so. A ɗauki tsohuwar a tafi da ita wurin mai kaya a gwada. Idan aljihu zai iya, a sayi wadda ba ta tsatsa, a Legas ta biya kuɗinta.

Kayan aiki kaɗan ne: alanki mai lamba 5, sufana 9 da 10, filaya, abin yanka waya mai kaifi, magagari, ƙusa mai tsini, da ɗan giris.

Kafin a kwance komai a ɗauki hoto da wayar hannu, a ga ta inda kowace ta bi. A lura kuma wane hannu ke kama taya ta gaba. Keken da ya fito daga Ingila hannun dama ne ke riƙe gaba, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai hagu ne. A mayar wa mutum yadda hannunsa ya saba.

A kwance notin da ya danne waya a jikin birki, a yanke bakin da ya warware, a zare ta ta wajen hannu. Tsohuwar riga ita ce ma'auni, sai dai a duba ko tun asali an yanka ta daidai. A juya kan keke har ƙarshe dama da hagu: idan rigar ta ja, ta yi gajarta, idan ta yi wani babban lanƙwaso tana reto, ta yi tsawo. Wurin yanka, a zura guntun tsohuwar waya a ciki a yanke su tare, don kada bakin ya murƙushe. Sannan a goge bakin da magagari ya kwanta sumul, a buɗe ramin da ƙusa, a sa masa hularsa ta ƙarfe. Bakin da aka bari a karkace shi ne ke sa birki ya yi laushi kamar an taka soso, mutum ya yi ta ɗaure noti a banza.

Tsohuwar riga marar roba a ciki tana son giris a jikin waya, mai roba kuwa ɗigon mai mara kauri ya ishe ta. Baƙin mai na inji, wanda wasu ke ɗurawa don yana arha, ƙura yake tarawa ya zama taɓo.

Noti mai juyawa da yatsa, wanda ke bakin hannun birki, a mayar da shi ciki sannan a kwance shi zagaye ɗaya ko biyu. A zura waya, a matse robobin birki da hannu su kusa taɓa rim, a ja wayar da filaya, a tabbata ta kwanta cikin ɗan layin da ke ƙarƙashin wasa, wato ɗan faifan ƙarfen da noti ke dannewa, a ɗaure. Tazarar roba da rim kamar milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. Daga nan a matsa hannun birki da iyakar ƙarfi sau goma. Wannan ne ke zaunar da riga cikin hulunanta, kuma idan noti zai saki, gara ya saki a rumfa. Za a ga ta ɗan yi sako-sako, sai a sake ja. A bar kamar santimita 4 bayan noti, a yanke, a matse mata hula. Idan babu hula, notin tsohon sifok yana yi.

Ta giya, a sauko da hannun giya zuwa inda waya ta fi sakewa, sarƙa kuma ta zauna a kan mafi ƙanƙantar haƙoran baya, sannan a ɗaure. A leƙa ƙarƙashin keke, wurin da wayar ke bi tsakanin feda biyu, a kankare lakar da ta daskare a can. Sukurori biyu masu alamar H da L da ke jikin giyar baya iyaka suke yi wa sarƙa, idan giyar tana aiki kafin waya ta tsinke a ƙyale su. A ɗaga taya, a juya feda, a canja ɗauki ɗaya. Idan sarƙa tana jinkirin hawa babban haƙori, a kwance notin yatsa na wayar giya rubu'in zagaye, a sake gwadawa. Idan wurin saukowa take nawa, ko waya ta yi tsauri ko guntuwar rigar nan ta ƙarshe kusa da taya tana riƙe ta.

Akwai kuma giya uku ta cikin cibiyar taya, ta Sturmey-Archer, wadda ake samu a wasu tsofaffin kekunan Ingila. Wata siririyar sarƙa ce ke fitowa daga cikin aksul ta haɗu da waya. A sa hannu a lamba 2, a juya notin haɗin har kafaɗar ɗan sandan da sarƙar ke ja ta yi daidai da bakin aksul, ana gani ta ramin da ke jikin noti, sannan a kulle. Idan aka kuskure wannan, feda na iya zamewa ta juya a banza tsakanin 2 da 3, kuma tana yin haka ne daidai lokacin da mutum ya miƙe tsaye yana takawa.

A ce wa mai keke ya dawo bayan mako guda a ƙara ɗaure masa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga inda muka tsaya.