Katin da ban tsaya na yanka ba

A fadarmu ta Bukoki, nan Yamai, ni ne gwanin cewa "duk kanwar ja ce". Da an taɓo siyasa sai in tura kofin shayi gaba in ce a sake zance. Kuma ina da hujjata. Mahaifina ya sha rana a layi a 1993 ya yi zaɓe, soja suka kifar da gwamnatin a 1996. Aka sake juyin mulki a 1999, aka sake a 2010. To kuri'ar da bindiga za ta zo ta shafe, me zai sa in ajiye kabu-kabuna yini guda saboda ita? Har yau ban ce mai wannan tunani wawa ne ba.

Inda na yi wauta shi ne na ɗauka zaɓe na shugaban ƙasa ne kawai. A 2020, da ake rajistar katin zaɓe mai ɗaukar zanen yatsa, na je farfajiyar lakkol, na ga layi ya kai bakin ƙofa, na tada babur na tafi. Ranar 13 ga Disamba aka zaɓi kansiloli, su kuma a lokacin su ne ke zaɓen magajin gari. Kwata, shara, rumfunan kasuwa, duk a hannunsu suke a wancan lokaci. Ni ina fada ina dama shayi.

Da damina ta zo, kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shiga ɗakin innata har ya jiƙa buhun hatsi. Muka taru za mu kai kuka. Na fi kowa ɗaga murya, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai wa ka zaɓa?" Na sunkuyar da kai.

Ƙannena, ku fara da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun yanzu, don ranar rajista ba ranar nemansu ba ce. Ku san sunan masu neman kujerar unguwarku kafin su zo da riguna da jikka biyu. In duk ba su kwanta muku ba, ku je ku jefa farar kuri'a, ya fi zaman fada.

Ni na ce sai zaɓe na gaba. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, na wayi gari ina neman layin da na tsere wa.