Laraba: ledar ORS a kofin ataya

Ruwan daren jiya ya shigar da laka cikin rijiyar bakin kasuwa, don haka tun hantsi layin masu jiran magani ya kai gindin mangwaro. Yawancinsu yara masu gudawa, kamar yadda aka saba a ƙauyukan Basse, a gabashin ƙasar Gambiya, idan damina ta kankama.

Wanda ya tsaya min a rai ɗan wata 10 ne, nauyinsa kilo 8. Kakarsa ce ta goyo shi. Idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, da na tsunkuli fatar cikinsa sai ta koma a hankali. Tsohuwar ta ce ai tun jiya take ba shi ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa don mai gudawa. Abokin aikina Lamin ya ce ta nuna mana yadda take haɗawa, sai ta ce leda guda take juyewa a kofin ataya, ɗan ƙaramin kofin shayin nan.

"Iya, ai wannan ledar ta lita guda ce," in ji Lamin.

Ta ce a ganinta idan ruwan kaɗan ne maganin zai fi ƙarfi. Wallahi ban ga laifinta ba, da zuciya ɗaya ta yi. Amma idan gishiri da sukari suka yi kauri haka, ruwa suke janyowa daga jikin yaro zuwa hanji. Gudawar ta ƙaru, gishiri ya hau a jini, wani yaron har ya fara jijjiga.

Tunda yana iya sha, ba a ɗaura masa ruwa ba. Muka ba shi ORS, mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa, wato 600 cikin awa 4, da cokali, kowane minti ɗaya ko biyu. Ya yi amai, muka dakata minti 10, muka ci gaba a hankali. Uwar ta iso daga gonar gyaɗa, na ce ta ci gaba da ba shi nono duk lokacin da ya nema. Bayan azahar ya yi fitsari, alhamdu lillahi. Zinc kuma ƙwaya guda, miligiram 20, kullum har kwana 10 ko da gudawar ta tsaya. A gida a ba shi ORS mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Abin da ke cin raina shi ne kalmar lita. Muna faɗa musu lita, alhali babu gidan da ke da ma'auninta. Ga shi ba duk leda ce ta lita ba, akwai ƙananan da ake sayarwa, sai an karanta bayanta, kuma tsohuwar nan ba ta karatun boko. Da la'asar ni da abokiyar aikina Fatou muka wanke robobin ruwa masu lita ɗaya da rabi, muka auna, muka ja layi da jan farce a daidai lita. Tsohuwar ta haɗa da hannunta a gabanmu, da dafaffen ruwa, kafin ta tafi da robarta.

Na ci domoda, miyar gyaɗa, a gidan Mariama. Batirin sola ya yi ƙasa saboda hadari, amma firijin rigakafi bai wuce digiri 8 ba. Na kira Hajiya, sabis ya ɗauke a tsakiyar gaisuwa.

Mun raba leda da yawa a watan nan, ban san nawa ne suka ƙare a kofin ataya ba. Gobe Lamin zai zaga unguwar Fulani da sauran robobin, in babur ya iya ƙetare fadama.