Huhun da ya ƙi nutsewa

Talata. Hazo tun asuba, ko hasumiyar masallacinmu ba a hangowa.

Maigidan ya aiko da kayan ciki, wai farfesu yake marmari. Na juye su a baho zan wanke. Hanta ta nutse, ƙoda ta nutse, huhu kuwa ya tsaya a saman ruwa yana yawo. Auta na tsugune a gefena, ta danna shi da yatsa ya taso, ta sake dannawa ya sake tasowa. "Umma, shi me ya sa ba ya nutsewa?" Shekara nawa ina wanke huhu, ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce bari mu kira Yaya, ai fanninta ne.

Daga aikin dare ta dawo, murya duk barci, amma tana jin tambayar ta wartsake. Ta ce in laluba bututun nan mai zobban guringuntsi, shi ne maƙogwaro. Na bi shi da wuƙa, sai ga shi ya rabu biyu, kowanne ya shige ɓangare guda, can ciki kuma sai rassa, ƙanana na fita daga manya kamar bishiya. A ƙarshen rassan akwai 'yan jakunkunan iska, a ƙirjin mutum ɗaya ɗaruruwan miliyoyi ne. Iskar da ta rage a cikinsu ce ta hana shi nutsewa. Nan ne jini ke ɗaukar oksijin ya sauke gurɓatacciyar iska, ta wani bango da ya fi ɓawon albasa sirantaka nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe huhu ba ya jan iska da kansa. Wani faifan tsoka ne da ya raba ƙirji da ciki yake sauka, haƙarƙari ya buɗe, iska ta kwararo. Sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ga babba, yana farke ko yana barci. Idan faifan ya zabura, ita ce shaƙuwa. Auta ta dafe ciki tana ta gwadawa, muna dariya.

Sai Yaya ta ƙara da cewa cikin bututun akwai wasu 'yan gasu da ke sharo ƙura da majina zuwa sama, kuma hayaƙi yana kashe musu ƙarfi. Ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Na san Inna muke tunani mu duka.

Fiye da shekara arba'in tana durƙuson murhu a kicin ɗin nan mara taga, bangon ya yi baƙi ƙirin. Mun saya mata gas, yana can ƙarƙashin gado, wai tuwon itace daban ne. Da la'asar na kira ta. "Inna, ina wuni, ya jikin?" Sai da ta gama tari mai tsawo kafin ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, hunturu ne kawai." Haka ta ce da damina ma, lokacin ruwa ne laifin.

Farfesun ya yi daɗi, in ji su. Ni na tsame huhun gefe, na kasa ci.

Juma'a zan je gida. Ko ba ta yarda da gas ba, murhun nan sai ya fito tsakar gida, kuma Yaya ta ce za ta zo da abin sauraron ƙirjinta.